Tambayoyin Masu Karatu: Kore ko Ruwan Ƙasa? Launin Hular Kwanon Sojojin Laima na Birtaniya

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato hular kwanon da sojojin laima na Birtaniya suka sa a Yaƙin Duniya na Biyu, wadda takardun sojansu ke taƙaita sunanta da HSAT. Na zaɓi wasu daga ciki, na rage wa dogayen tsawo.

TAMBAYA: Malam, ina cikin ƙungiyar masu kwaikwayon tarihi. Mukan sa kayan soja irin na da, mu nuna wa 'yan kallo yadda aka gwabza wani yaƙi. Bana yaƙin Arnhem na 1944, wanda aka yi a ƙasar Holan, za mu nuna. Na sayi hular kwano ta kwaikwayo, ta zo da koren fenti mai sheƙi. Wani abokina ya ce ruwan ƙasa ne daidai, wani kuma ya rantse kore ne. Wanne zan shafa?

AMSA: Ɗan'uwa, abokan nan naka kowa da gaskiyarsa. Da za a jera maka hulunan da suka tsira daga wancan yaƙi a kan tebur ɗaya, da ka ga kore, ka ga ruwan ƙasa, ka ga wanda ya tsaya tsakani har ka rasa sunan da za ka ba shi. Abin da ba za ka gani ba shi ne sheƙin nan da taka ta zo da shi. Shi za ka fara kashewa kafin a zo maganar launi.

Ga inda bambancin ya samo asali. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a 1939, launin da sojan Birtaniya ke shafa wa motoci da manyan kayan aiki shi ne wanda suke kira Khaki Green mai lamba 3, kore ne da ya karkata sosai wajen ruwan ƙasa. Koren fenti mai ƙarko a wancan zamani da sinadarin kuromiyam ake haɗa shi, shi kuwa ya yi wuyar samu da yaƙi ya yi nisa. Saboda haka wajen 1942 aka koma ruwan ƙasa zalla, wanda ake kira SCC 2 a jerin launukan ɓad-da-kama na hukuma mai lamba BS 987C. In kana so ka hango shi a ranka, tuna launin ƙasar gona bayan an yi yayyafi. Sai a watan Afrilu na 1944, ana shirin tsallakawa Faransa, aka fito da SCC 15, kore mai duhu ruwan zaitun. An haɗa shi ne ya yi kusa da launin motocin Amurka da suka cika Ingila a lokacin, don a huta da sake musu fenti.

To amma waɗannan umarni tun asali na motoci da manyan kaya ne, kuma ko su ba a ce a sake musu fenti nan take ba, sai lokacin sabuntawa ya zo. Hular da kamfanin Briggs Motor Bodies ya buga a Dagenham ta Ingila a 1942 ko 1943, ta kwana a sito, aka miƙa wa soja, ba wanda ya bi ta ya karɓo don kawai an canja lamba a takarda. Ka ƙara da cewa fentin da masana'anta ta dama yau ba ya fita daidai da na watan jiya, sannan a bataliya akan ba sojoji gwangwani da buroshi su sake shafawa da abin da ke hannu.

Sai ka dubi su wa suka sauka a Arnhem. Mutum kusan dubu goma ne ƙarƙashin Manjo Janar Roy Urquhart, aka fara sauke su ranar Lahadi 17 ga Satumba. A cikinsu akwai 'yan Birged ta 1 waɗanda suka yi yaƙi a Tunisiya tun Nuwamban 1942, suka yi Sisili a Yulin 1943, akwai kuma sababbin da aka cike gurbi da su bayan an dawo Ingila. Tsohon hannu da sabon shiga a layi ɗaya, kowa da kayan da ya samu a lokacinsa. Yaya za a yi hulunansu su zama launi guda?

Ni dai in zan shirya hula ɗaya tak don Arnhem, kore mai duhu zan zaɓa wanda ya ɗan karkata wajen ruwan ƙasa, mara ƙyalli ko kaɗan. Wanda ya shafa ruwan ƙasa irin SCC 2 shi ma ba zan ce masa uffan ba. Abin da nake roƙon ƙungiyarku shi ne kada ku sayi gwangwani ɗaya ku shafe hulunanku duka da shi. Mutum ashirin da hula launi ɗaya sak, wannan faretin barikin zaman lafiya ne. Ku bar wasu kore, wasu ruwan ƙasa, ɗaya ko biyu a ga alamar an shafa sabon fenti a kan tsoho.

Yadda nake yi kuwa shi ne, in kwance kayan ciki da maɗauri in ajiye gefe, in goge sheƙin da sanfefa mai laushi, in sa fentin shimfiɗa. Daga nan in tankaɗe busasshen yashi mai laushi, in zuba kaɗan a cikin fentin, in riƙa juyawa ina shafawa da buroshi, don yashi saurin kwanciya gare shi a gindin gwangwani. Da yawa daga hulunan asali suna da wannan kaushin a bayansu, an yi shi ne don kada ruwan sama ko hasken rana su sa ƙarfe ya yi walƙiya. Kada a cika yashin. Kaushin da ake so shi ne wanda tafin hannu zai ji, ido kuma ya gan shi in an matso. Cikin hular a shafa launi ɗaya da na waje, ba yashi. In ya bushe, a fita da ita waje da rana a duba, domin hasken lantarki na ɗaki maƙaryaci ne a kan kore.

Abu na ƙarshe, kuma nan masu kwaikwayo suka fi zarce gona da iri, shi ne tsufar da hula. Wanda ya ga ta gidan tarihi sai ya dawo ya bi tasa da tsatsa da tabo ko'ina. Waccan shekara tamanin gare ta. Wadda ke kan soja a Satumban 1944 ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu da fitowa daga masana'anta ba, kuma akwai saje da ke duba ta. Ɗan gogewa a baki, da tsakiyar kai inda ake dangwarar da ita a ƙasa, da gefen kusoshi, ya wadatar.

TAMBAYA: Na ga hotuna masu launi na sojojin Arnhem a intanet, hulunansu kore shar. Ba zan iya ɗaukar launin daga nan ba?

AMSA: A'a, ɗana. Sanannun hotunan nan na Arnhem da Oosterbeek, garin da ke maƙwabtaka da ita, waɗanda masu ɗaukar hoton soja uku suka ɗauka, saje Dennis Smith da saje Mike Lewis da saje Gordon Walker, baƙi da fari ne. Launin da ka gani wani ne ya zauna gaban kwamfuta ya sa musu bayan shekaru da dama, abin da ya yi tsammani ya shafa. Hotunan suna da amfani ƙwarai wajen ganin siffar hula da maɗauri da yadda aka ɗaura raga, amma ba su da ta cewa a kan launi. Yawancin fina-finan da aka yi bayan yaƙi su ma haka, don kayan da ke ciki na haya ne daga zamuna daban-daban.

Ko hular asali da ka gani a allon waya, launinta ya bi ta kyamara da hasken ɗaki da allon naka kafin ya iso idonka. Kuma tsohon fenti yana duhu da shekaru saboda dauɗa da maiƙon hannu. Wanda Allah ya ba ikon zuwa gidan tarihin Hartenstein da ke Oosterbeek, otal ɗin da Urquhart ya mayar hedikwatarsa, ko gidan tarihin gadar Pegasus a yankin Nomandi na Faransa, zai ga na gaske da idonsa. In kuma wani mai tara kayan tarihi ya yarda ka riƙe tasa, leƙa ciki ƙarƙashin kayan ciki, inda rana da hannu ba su taɓa ba. Nan launin ya fi kusa da ranar da aka shafa shi.

TAMBAYA: Malam, ni malama ce, nake shirya wa ɗalibai kayan wasan kwaikwayo a kan daren 6 ga Yuni 1944, daren da sojojin laima suka sauka a Nomandi. Masu sayarwa suna da mai maɗaurin fata da mai maɗaurin saƙa, wata kuma da baƙin zobe a bakinta. Wacce ce ta Nomandi? Akwai kuma wata mai araha da aka ce ta 'yan tanka ce, wai siffarsu ɗaya.

AMSA: Malama, duka ukun za su shiga, ga yadda suka biyo juna. Bayan Winston Churchill ya rubuta a ranar 22 ga Yuni 1940 cewa yana son sojojin laima dubu biyar, waɗanda suka fara koyon dirowa a Ringway kusa da Manchester hular soson roba suka sa, mai rufin yadi, wadda kariyarta daga buguwa ce kawai. Wannan ta horo ce, kada ki sa wa ɗalibi ita a fagen fama. Hular ƙarfe ta farko, wadda ake kira samfurin P, ita mutanen Manjo John Frost suka sa a harin Bruneval da ke gaɓar tekun Faransa cikin Fabrairun 1942, ba a yi ta da yawa ba. Daga nan a 1942 aka fito da mai zoben faiba a baki da maɗaurin fata, ita ce mai baƙin zoben da kika gani. Sai aka cire faiban aka naɗe bakin da siririn ƙarfe mara tsatsa, maɗauri yana nan na fata. Ta ƙarshe, wadda ake kira Mk II, ita ce mai maɗaurin saƙa ruwan kaki, irin saƙar bel da jakunkunan soja.

Sabuwa ba ta kori tsohuwa ba. A hotunan Runduna ta 6 ta Manjo Janar Richard Gale, wadda ta sauka Nomandi a wannan dare, da na Arnhem bayan wata uku, ana ganin fata da saƙa gefe da gefe, mai zoben faiba ma tana leƙowa jefi-jefi. In kina da ɗalibai goma, ki ba mafi yawa mai bakin ƙarfe, ki gauraya fata da saƙa, ki bar mai faiba ɗaya ko biyu ga wanda zai fito a tsohon hannu.

Abin da ya sa hular ba ta da faffaɗan baki irin na sauran sojan ƙasa na Birtaniya shi ne, baki mai faɗi iska na kama shi lokacin fita daga jirgi, igiyoyin laima kuma na iya sarƙewa a jikinsa. Maɗaurin ma shi ya sa ya bambanta, yana da mazaunin haɓa, sannan wasu igiyoyin sun zagaya ta ƙarƙashin kunne zuwa ƙeya don kada hular ta kife gaba in an doki ƙasa. Ki tabbata ɗalibai sun sa shi a haɓa sosai. Hula mai lilo a ƙeya ta fim ce.

Maganar ta 'yan tanka, mai sayarwa bai yi ƙarya ba, ƙoƙon ƙarfen siffarsa ɗaya da na 'yan tanka da na masu kai saƙo a babur. Cikin ne ya bambanta. Ta 'yan tanka kayan cikinta a tsakiyar kai aka ɗaure su da kusa guda, maɗaurinta kuma mai sauƙi ne daga kunne zuwa kunne. Ta 'yan babur tana da fata mai rufe kunne da wuya. Ta sojan laima kusoshinta a kewaye suke ta gefe, ciki da soson roba da zoben fata mai tare gumi. A dandamali, in an rufa raga, mai kallo daga nesa ba zai ga kusar tsakiyar kai ba, amma maɗaurin zai tona asiri. In kuɗi sun yi kaɗan, ki sayi ƙoƙon mai araha, ki kashe abin da ya rage a kan maɗauri na daidai.

TAMBAYA: Ragar da ake rufawa da tsummokaran nan, dole ne?

AMSA: Ba dole ba ne, akwai hotunan sojoji da hula tsirara. Amma mafi yawa da raga suke, kuma gaskiyar magana ita ce raga da tsumma su ido ke fara gani, fentin da muke ta gardama a kansa leƙe kawai yake yi ta ƙarƙashi. Shi ya sa nake mamakin mai kwana bakwai yana haɗa launi, sannan ya rufa ragar leda mai ƙyalli.

Nemi ragar zaren auduga mai ƙananan idanu, kore mai duhu ko ruwan ƙasa, a ja bakinta a cusa ta ciki ta kama ƙoƙon tsam. Tsummokaran kuwa algarara ce, irin ta buhu, a rina wasu kore, wasu ruwan ƙasa, a bar wasu da launinsu, a yanka siri-siri kamar faɗin yatsu biyu, a saƙa su ta cikin idanun ragar a bar bakuna suna reto. Aikinsu su ɓata zagayen nan na hula, domin a cikin ciyawa da shinge ba abin da ke da santsi da zagaye irin kan mutum mai hular kwano. Kada a jera su reras, kowane soja da hannunsa ya yi tasa.

Yawan tsumman ya danganta da ranar da kake nunawa. Mutanen Nomandi, waɗanda aka ɗauka hoto a filayen jirgi da yammacin 5 ga Yuni sun shafe fuska da baƙi, da yawansu hulunansu cunkus suke da algarara. Jiragen Manjo John Howard marasa inji sun dira kusa da gadar Bénouville, wadda yanzu ake kira gadar Pegasus, minti goma sha shida bayan sha biyun dare. Arnhem kuwa da rana tsaka aka sauka, kuma a hotunan za ka ga mai tsumma da yawa, da mai ɗan kaɗan, da mai raga zalla. A wasu hotunan akwai ƙunshin bandejin gaggawa a cushe ƙarƙashin raga. Mutum ɗaya ko biyu a ƙungiya su yi haka ya isa.

TAMBAYA: Na gaji wata hula daga kayan wani dattijo mai tara tsofaffin abubuwa. Koriya ce mai duhu da ɗan sheƙi, fentin ya fara ɓamɓarewa. Ina so in kankare in mayar da ita launin 1944.

AMSA: Alhaji, don Allah a dakata da sanfefa tukuna. A fara juya ta a duba zoben fatar da ke ciki. Na lokacin yaƙi galibi akwai hatimi a jikin fatar mai nuna kamfani da girma da shekara, misali BMB, wato Briggs Motor Bodies, da 1943 ko 1944. A kawo maganaɗisu a kanga a jikin ƙoƙon. Na asali ƙarfe ne mai manganis wanda maganaɗisu ba ya kamawa, yawancin na kwaikwayo kuwa ƙarfe ne gama-gari, caraf zai manne. Wannan gwaji yana fitar da na jabu da yawa, sai dai ba ya faɗin shekara.

Dalili kuwa, hular nan ta daɗe tana aiki bayan 1945. Da ita Bataliya ta 3 ta sojojin laima ta diro a filin jirgin El Gamil na Masar ranar 5 ga Nuwamba 1956, an kuma ci gaba da sa ta shekaru da yawa bayan haka kafin wata sabuwar hula da ba ta ƙarfe ba ta maye gurbinta. Beljiyam ma ta yi irinta don sojojinta, akan ga haruffan ABL a cikinsu. Kore mai duhu da sheƙi irin wanda ka kwatanta ya fi kama da fentin bayan yaƙi, lokacin da sojan Birtaniya suka koma launin da suke kira Deep Bronze Green. Yana yiwuwa ƙoƙon na 1944 ne aka sake shafe shi daga baya, yana yiwuwa kuma gaba ɗayanta ta bayan yaƙi ce.

Ko wacce ce, ra'ayina kada a kankare. Fentin da ke jikinta, har wanda aka ƙara daga baya, shaidar inda ta bi ne, kuma masu tara kayan tarihi sun fi daraja hula mai tabonta a kan wadda aka yi wa sabon fenti. Ranar da aka kankare, an yi asarar launin da wani zai zo ya duba gobe. Ga kuma lafiya, tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, ƙurarsa ba abin shaƙa ba ce. A share ta da busasshen ƙyalle mai laushi, a ajiye inda ba danshi, a sayi ta kwaikwayo don fita fili.

TAMBAYA: Ta kwaikwayon za ta yi mini hular hawa babur?

AMSA: Ba za ta yi ba. Kayan ado ce, ba a gwada ta a kan haɗari ba. Sayi hular babur ta ainihi.

TAMBAYA: Ina so in zana tambarin doki mai fuka-fuki a gaban hulata don a san ta sojan laima ce. Ya dace?

AMSA: Bai dace ba, ɗan'uwa. Tambarin Pegasus, wanda mai zane Edward Seago ya tsara, na yadi ne, a hannun rigar ulu ake ɗinka shi ƙasa da kafaɗa. Bajon ƙarfe mai laima da fuka-fuki kuma a jar hularsu ta ulu yake zama, wadda aka fara sawa a 1942. Hular kwanon sojan laima na Birtaniya yawanci ba komai a gabanta. Akwai 'yan rukunoni da suka zana ƙaramar alama mai launi a gefe, amma kada ka zana sai kana da hoton ainihin rukunin da kake kwaikwayo a wannan lokacin.

In zanen gaba kake sha'awa, to koma wa mutanen Manjo Janar Stanisław Sosabowski, birged ɗin 'yan Foland da ta diro a Driel, kudu da kogin Rhine, ranar 21 ga Satumba 1944. Irin wannan hular suka sa, da mikiyar ƙasarsu zane da rawayan fenti a goshi. Sai dai in ka zana mikiya, hular ulun da za ka rataya a kafaɗa ruwan toka ce, ba ja ba, bajojin kwala da na hannu su ma duk sai ka canja su zuwa na Foland.